Malam Khalilu da Abokan Asibiti

Malam Khalilu manomi ne, kuma shi ne mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa a ƙauyenmu, Tsamiyar Dabo, can wajejen Shanono. Gonakinsa uku ne ƙanana, gero da dawa da gyaɗa, sai waken da yake sakawa a tsakaninsu. Da rani yakan ɗaure jakar sifanoni a bayan keke, ya bi ƙauyuka duk inda famfo ya daina ba da ruwa. A aji huɗu na firamare ya bar boko, amma ya sauke Alƙur'ani, kuma duk abin da yake so ya tuna da ajami yake rubuta shi. Dogo ne, mai magana a hankali. Idan ka yi masa tambaya yakan yi shiru har ka zaci bai ji ba, sannan ya amsa. Ni sunana Kamaruddeen, malamin firamare ne ni, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Da hannuna na rubuta takardar da ta jawo abin da zan ba da labari, saboda haka ni ma ina da nawa kason a ciki.

A daminar 2013 abin ya faru. Mahaifiyarsa, Inna Hure, tana da hawan jini, duk wata takan je asibitin sha-ka-tafi na garinmu a auna ta a ba ta magani. Asibitin ɗaki uku ne da baranda. Malam Yahya ne shugabansa, wanda muke ce wa incaji, sai wata ƙaramar ma'aikaciya, Sakinatu, mai yi wa mata awo. A wannan watan Inna ta karɓo maganinta kamar kullum. Ta dai ce wa surukarta ƙwayoyin sun canza kama, amma ba wanda ya mai da hankali a kan maganar. Kwana biyu tana sha. A rana ta uku da hantsi, tana zaune tana tsince wake, sai gumi ya karyo mata, jikinta ya hau rawa, ta sulale ƙasa. Malam Khalilu yana gona yana maimai, wato noma na biyu, aka je aka kira shi. Aka samo mota aka kai ta babban asibiti. Likitan da ya duba ta ya ce a nuna masa abin da take sha. Da ya gani sai ya ɗago kai ya ce, "Wannan ai maganin ciwon suga ne. Wa ya ce muku tana da suga?"

Aka sa mata ƙarin ruwa. Kafin la'asar ta buɗe ido, ta tambayi ina ɗankwalinta. Da aka bincika aka gano akwai wata Hure a Unguwar Maƙera mai ciwon suga, katinta aka ciro a madadin na Inna.

Ban taɓa ganin Malam Khalilu ya fusata kamar lokacin ba. Bai yi hayaniya da kowa ba, amma kwana uku bai iya cin abincin kirki ba. Ran Asabar da safe ya yi sallama a ƙofar gidana ya ce, "Malam Kamaru, rubutun boko nake so ka yi mini. Takardar koke, zuwa sashen lafiya." Na rubuta, na kuma ƙara mata yaji fiye da yadda ya faɗa mini, don ni ma raina a ɓace yake. Mutum arba'in da uku suka dangwala yatsa. Bayan wata ɗaya aka canza wa Malam Yahya wurin aiki, aka tura shi wani ƙauye mai nisa. Muka ce alhamdu lillahi, an yi mana adalci.

Sai dai ba a turo wani ba. Wata ɗaya, wata biyu, har aka yi girbi aka kai amfani gida, asibiti ba incaji. Sakinatu ce kaɗai, ita kuma akwai abubuwan da ba huruminta ba ne, dole ta ce wa mutum ya tafi gaba. Masu hawan jini da masu suga suka koma hawa mashin suna tafiya mai nisa, waɗanda ba su da hali suka daina shan maganin. Wata rana Malam Khalilu yana gyara famfon bakin masallaci, wata tsohuwa da ke jiran ruwa ta ce masa, "Khalilu, Allah ya ƙara wa Hure lafiya. Amma mu kuma ga mu nan." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ya gama ɗaura famfon, ya tuƙa ya cika mata tulu, ya tafi gida.

Bayan sati guda ya ce in raka shi wurin Malam Yahya. Na yi ta kame-kame, don kunya nake ji, amma dai na ɗauke shi a mashin ɗina muka je. Mun same shi ya tashi daga aiki yana alwala. Ya karɓe mu, ya shimfiɗa mana tabarma, ya tambayi jikin Inna tun kafin mu gama gaisawa.

Malam Khalilu ya ce, "Ba faɗa ya kawo ni ba. So nake ka gaya mini yadda aka yi a ranar, tiryan-tiryan."

Malam Yahya ya yi ajiyar zuciya. "Malam, kuskure dai na yi shi, ban musa ba, kuma har yanzu yana damuna. Ranar kasuwa ce, mutum ya kai casa'in, lokacin zazzaɓi ne. Sakinatu tana ɗaki da mai naƙuda. Katunan nan duk a kwali ɗaya suke, suna kawai aka rubuta a kai. Ka san Hure nawa ce a cikin kwalin nan? Bakwai. Na ce Hure, ta amsa, na ciro kati na rubuta. Da na tsaya na yi mata tambaya ɗaya, da ba a yi haka ba. Ban tsaya ba."

"Kwalin yana nan?"

"Yana nan inda na bar shi."

"Ashe duk wanda aka turo zai iya yin abin da ka yi."

"Zai iya, wallahi."

Malam Khalilu ya ce, "Da na zo na yi maka wannan tambayar kafin takarda, da ya fi. Ka yafe mini." Malam Yahya ya ce shi ne ma ya kamata ya nemi afuwa. Ni ma na ce a yafe mini yajin da na ƙara. Suka yi dariya su biyun, muka yi sallar la'asar tare, muka kamo hanya.

Washegari Malam Khalilu ya je wurin Sakinatu ya roƙe ta ta bar shi ya riƙa zama a barandar asibitin na sati ɗaya. Ta dube shi da alamar tsoro ta ce, "Malam, ni ma takardar za a rubuta mini?" Ya rantse mata ba haka ba ne, kallo kawai zai yi, kuma duk abin da ya rubuta ita zai fara karanta wa. Ta yarda ba don ta so ba.

Kwana shida yana zaune a gefe da ɗan littafinsa. Ya ga famfon asibitin ya lalace tun bara ba wanda ya gaya masa, Sakinatu da ruwan buta ɗaya take wanke hannu tun safe har azahar. Ya ga mata masu ciki suna tsaye a rana, don benci ɗaya ne. Ya ga ana miƙa wa mutum magani iri uku a ƙulle a leda, a yi masa bayani da sauri, ya fito ƙofa ya tambayi na kusa da shi, "Wanne ta ce in sha da safe?" Ya ga babu layi, mai ƙarfin kutsawa shi ke fara shiga, yaro mai zafin jiki yana bayan uwarsa a can ƙarshe. Ran Alhamis ya karanta wa Sakinatu abin da ya rubuta. Tana ji tana gyaɗa kai, har ta ƙara masa biyu da bai lura da su ba.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu tara muka zauna a zauren mai unguwa. Akwai kafinta, akwai tela, akwai manoma huɗu, sai ni da Malam Khalilu da mai unguwa. A nan aka kafa ƙungiyar, a watan Janairun 2014. Tela ne ya ce a sa mata suna Abokan Asibiti, don ma'aikata su san ba abokan gaba ba ne. Aka ba Malam Khalilu shugabanci, ni aka ce in riƙa rubutu. Sharaɗi biyu ya kafa tun a zaman farko. Na ɗaya, duk abin da muka gani, da ma'aikata za mu fara zama a kai kafin kowa ya ji. Na biyu, a wurin zaman abin da ya faru za a faɗa da abin da ya jawo shi, ba za a tsaya neman wanda za a ɗora wa laifi ba.

Da katuna muka fara. Kafinta ya yi kanta mai gida-gida, kowace unguwa da gidanta. Ni da Sakinatu muka kwashe hutun zango muna sake rubuta su ɗaya bayan ɗaya: suna, sunan uba, unguwa, da lamba. Malam Khalilu ya gyara famfo a yini ɗaya, aka ajiye bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar kowane ɗaki. Manoma suka kawo kara da itace aka yi rumfa. Tela ya kawo shawarar a riƙa zana rana mai fitowa, rana tsaka, da wata a jikin takardar da ake zuba magani, a sa ɗigo a ƙarƙashin kowanne daidai yawan ƙwayoyin da za a sha. Aka kuma ce kafin mutum ya tashi, shi zai maimaita wa ma'aikaci yadda zai sha.

Abin da ba mu iya ba shi ne jin ta bakin mata, alhali su suka fi zuwa asibitin. Malam Khalilu ya je ya sami Malama Ummu Salma, mai koyar da matan aure a Islamiyya. Ta karɓi aikin, ta riƙa shiga gidaje tana tambayar mata yadda aka yi da su. Ita ta gano cewa mata da yawa sun daina zuwa awo ne saboda tagar ɗakin ba labule, kuma tana kallon hanya. Shekara nawa ana ta wa'azi a kan zuwa awo, ashe yadi biyu ne maganin rabin matsalar.

A watan Afrilu aka turo sabon incaji, Malam Fatihu, matashi daga Bacirawa. Labarinmu ya riga mu isa wurinsa. Da muka je yi masa barka da zuwa, ko kujera bai nuna mana ba. Ya ce, "Ku ne masu korar ma'aikata?"

Malam Khalilu ya ce, "Mu ne, ranka ya daɗe. Sau ɗaya muka yi, kuma mun ji jiki. Yanzu me kake so mu taya ka da shi?"

"Ba abin da nake so. Ku bar ni in yi aikina."

Muka bar shi. Wata huɗu ba ya zuwa zaman da muke yi a ƙarshen kowane wata, Sakinatu ce ke zuwa. Ni na fara gajiya, na ce wa Malam Khalilu mutumin nan girman kai gare shi. Ya ce, "Ba girman kai ba ne, tsoro ne. Da kai ne, da ka saki jiki da mu?" Ya ci gaba da zuwa duk Litinin ya duba famfo, ya gaishe shi, ya tafi.

A zaman watan Agusta sai ga Malam Fatihu ya shigo ya zauna a ƙarshen tabarma. Da aka kusa tashi sai ya ce yana da abin faɗa. Ya ce a satin da ya wuce ya kusa ba wata jaririya maganin zazzaɓi fiye da ƙima. Sikelin awon yara ya lalace, da ido yake kintata nauyinsu, yarinyar kuma an naɗe ta da zane biyu ta yi kamar babba. Uwar ce da take maimaita masa yadda za ta ba ta, ta ambaci watanninta, shi ne ya farga ya karɓe maganin ya canza. Ya gama magana yana kallonmu. Na san abin da yake jira: a yi masa irin abin da aka yi wa Malam Yahya.

Malam Khalilu ya ce, "Allah ya saka da alheri da ka gaya mana. Sikelin, me ya same shi?"

Washegari ya kwance sikelin a kan tabarma, ya gano wata ƙaramar waya ce ta tsinke a ciki, mai gyaran agogo a kasuwar Shanono ya yi masa madadinta. Tun daga ranar Malam Fatihu bai sake fashin zama ba. Shi ne ma daga baya ya kawo tsarin a riƙa zagaya layi da safe a fara shigar da wanda jikinsa ya fi tsanani.

Mutanen ƙauyukan kusa suka fara tsallake nasu asibitin suna zuwa namu, har ya zama nauyi. Malam Khalilu ya ce ba haka ake so ba, gara nasu ya gyaru. Da ma yana zagaya ƙauyukan nan da kekensa, kowa ya san shi. Duk inda ya je gyaran famfo sai ya nemi mai unguwa da incaji ya ba su labari, har da na takardar koken, bai taɓa ɓoye shi ba. Zuwa 2017 akwai reshe a asibitoci shida, a shekarar aka yi wa ƙungiyar rajista. Inna Hure ta ga wannan duka. A 2019 ta rasu, da tsufanta, a ɗakinta, bayan jinyar kwana huɗu.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. A wani ƙauye da ba zan ambata ba, lokacin zaɓe ya zo, 'yan reshen suka mai da zaman wata filin yi wa incaji barazana saboda ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Sau uku Malam Khalilu yana zuwa ba su ji ba, ya karɓe sunan ƙungiya daga hannunsu. Har yau akwai waɗanda ba sa gaishe shi a garin. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfinmu. Ma'aikata ba su isa ba, magani yakan ƙare. A daminar 2020 wata mai naƙuda daga reshenmu na arewa ta rasu a hanya, saboda rafi ya cika mota ta kasa hayewa. An gano matsalarta da wuri, an tura ta a kan lokaci, duk abin da muka tsara an bi. Malam Khalilu ya je ta'aziyya ya dawo, ya zauna a ƙofar gida har magariba. Da na zauna kusa da shi ya ce, "Wannan ba kanta ba ce, ba labule ba ne, Malam Kamaru." Daga baya rassan suka tsara cewa mai cikin da aka ga alamar matsala, idan watanta ya tsaya da damina, ta koma gidan 'yan'uwa a wannan gefen rafin. Ya taimaka, amma gada har yanzu ba a yi ba.

Wata babbar ƙungiya ta birni ta ji labarinmu, ta gayyace shi bita a wani zaure a Rijiyar Zaki. Na raka shi. Yini guda ana Turanci ana haska zane-zane a bango, ina fassara masa a kunne. Da aka ba shi dama ya miƙe ya yi magana da Hausa, minti biyar. Wata likita ta tambaye shi yadda suke sa ma'aikata su faɗi kuskurensu da kansu. Ya ce, "Hajiya, ba ma sa su. Idan mutum ya faɗa sau ɗaya ya ga ba abin da ya same shi, kuma an gyara abin, gobe ma zai faɗa." Bayan an tashi suka ce suna so su ɗauke shi aiki ya riƙa zagaya ƙananan hukumomi. Ya yi godiya ya ce gyaɗarsa ta isa cira, kuma inda aka san shi ne maganarsa take da amfani. Sun dai turo mana masu horarwa sau biyu, mun ƙaru da su.

A 2022 idonsa ya fara hazo. Ya tara wakilan rassa, lokacin sun kai goma sha ɗaya, ya ce ya sauka, a ba Malama Ummu Salma. Wasu dattawa suka yi gunaguni a kan mace ta shugabanci maza. Ya ce musu, "Shekara takwas, rabin abin da muka gyara ita ta jiyo shi. Ku kawo wanda ya fi ta sanin aikin, in bi shi." Ba wanda ya kawo. Ita ce shugaba har yanzu, kuma ta fi shi tsanani a kan zuwa zama a kan lokaci.

Bara aka yi masa aikin yanar ido a birni, kwanansa biyu a kwance. Da na je duba shi bayan ya dawo, na same shi a zaure da baƙin tabarau, jikarsa tana ɓare masa gyaɗar iri. Na ce yaya ido. Ya ce ido alhamdu lillahi, har zaren carbi yana gani. Sai ya matso ya ce, "Ka san abin da na gani a can? Kowace ma'aikaciya idan ta zo kanka sai ta faɗi sunanta, ta gaya maka abin da za ta yi maka kafin ta taɓa ka. Ina kwance ido a rufe, amma hankalina a kwance yake. Mu ba ma yin wannan."

Na ce to ai yanzu ba shi ne shugaba ba. Ya ce ya sani, shi ya sa yake so in rubuta masa a takarda a kai wa Malama, ta sa a cikin abin da za a tattauna. Na rubuta. An tattauna a zaman watan, asibitoci huɗu suka ce za su gwada, sauran suka ce kowa ya san kowa a ƙauye, ba sai an faɗi suna ba. Ya ce suna da gaskiya ta wani ɓangaren, a bar su su gani a wurin huɗun.

Bana shekararsa sittin da ɗaya. Ya bar wa ɗansa na biyu jakar sifanoni, amma gona bai bari ba. Da ruwan farko ya sauka, shi ya riga kowa fita shuka a unguwarmu.